Yadda Za Ka Gyara Maganar Dukiyarka Tun Kana Raye, Da Yadda Magada Za Su Raba Ta Lafiya

Maganar gado magana ce da mutane ba sa son a taɓo, da ka ce wa mutum ya zauna ya rubuta abin da ya mallaka sai ya ɓata rai kamar fatan mutuwa kake masa, alhali rubutu bai taɓa matso wa kowa da ajalinsa ba. Ni abin da na lura shi ne mafi yawan rigimar gado ba a kan kaso take tasowa ba, don kason kowa Allah ya riga ya yanke shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, rabi ne, rubu'i ne (ɗaya bisa huɗu), tumuni ne (ɗaya bisa takwas), sulusi ne (ɗaya bisa uku), sudusi ne (ɗaya bisa shida), duk an fayyace. Inda ake dambarwa shi ne tambayoyin da suke zuwa kafin rabon: me da me ne ainihin na mamacin, wa yake bi kuma wa ke binsa, gidan nan da babban ɗa yake ciki kyauta aka ba shi ko aro, motar nan da kuɗin wa aka saya. Mutum ɗaya ne ya san amsar duka waɗannan, shi kuma an riga an kai shi makwancinsa. To aikin da zan yi bayani kenan, ka amsa tambayoyin nan da kanka tun bakinka yana motsi.

Fara da littafi

Ka sami littafin rubutu mai bango mai ƙwari, ko fayil a kwamfuta in ka fi sabawa da shi amma ka buga shi a takarda ka sa hannu, ka rubuta duk abin da ka mallaka ɗaya bayan ɗaya. Gida, fili, gona, dabbobi, mota, kayan shago, akawun ɗin banki, hannun jari, fansho, inshora, zinare. Kuma kada ka tsaya a suna kawai, rubuta shi yadda wanda bai san komai ba zai karanta ya gane. Misali maimakon ka rubuta "filina na bayan gari", sai ka rubuta inda yake, iyakarsa ta gabas da yamma da kudu da arewa da wa yake maƙwabtaka, wajen wa ka saya, wace shekara, su wa suka yi shaida, takardar cinikin tana cikin wace jaka, an gama biya ko da saura. Layi biyar ne ko shida, amma layukan nan su ne za su hana wani ya taso bayan shekara goma ya ce ai filin nasa ne aro ya ba ka.

Shafi na gaba ya fi na farko muhimmanci a wajena, wato abubuwan da suke hannunka amma ba naka ba ne. Ajiyar da aka ba ka, kuɗin da wani ya zuba a kasuwancinka ana raba riba, kayan da ka karɓo ka sayar ka kai kuɗi, kuɗin marayun ɗan'uwanka da kake juyawa, kuɗin matarka da ta ba ka ka ajiye mata a akawun ɗinka. Duk wannan in ba a rubuta ba magada za su raba shi a matsayin gado cikin rashin sani, su ci haram ba su sani ba, kai kuma nauyin yana wuyanka. Haka in kun haɗa kuɗi da matarka kun gina gida ko kun sayi fili, a rubuta nawa kowa ya saka, don abin da ta saka dukiyarta ce, za a cire mata shi tukuna sannan ta karɓi kasonta na gado a cikin naka. Mata da yawa an zalunce su ta nan, ba don 'yan'uwan miji mugaye ba ne ma wani lokacin, kawai dai babu hujja a ƙasa. Ke ma 'yar'uwa duk wannan bayanin ya shafe ki, ki rubuta naki, zinarenki da filinki da jarinki da abin da kika ba 'ya'ya aro.

Bashi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Don haka ka buɗe shafi biyu, waɗanda suke binka da waɗanda kake bi, da adadi da kwanan wata da shaida in akwai, in ka biya ka soke ka rubuta ranar da ka biya. Kada ka manta da basussukan da ba a ɗaukarsu bashi, sadakin da ba ka cika ba bashi ne, albashin yaran shago ko ma'aikata da ba ka biya ba bashi ne, kuɗin haya, kuɗin makaranta, zakkar da ta wajaba ba ka fitar ba ita ma ka rubuta ta ka yi wasiyya a fitar. In akwai abin da ka bayar jingina ka faɗi wajen wa yake da nawa za a fanso shi.

Kyauta, inda mutane suka fi zamewa

Kana da ikon ka ba wanda ka so kyauta daga dukiyarka muddin kana da lafiya da hankalinka, amma kyauta tana da sharuɗɗa, kuma wanda aka fi sakaci da shi shi ne hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye. Akwai ƙissar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha kyautar wusuƙi 20 (wani babban ma'aunin awo ne) na dabino daga gonarsa, ba ta je ta yanka ta kwashe ba har ciwon ajali ya zo masa, sai ya ce mata da kin riga kin karɓa da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce, ku raba bisa littafin Allah. To ka ga in har Nana A'isha ba ta tsira da kyautar da ba a karɓa ba, ɗanka da ka ce wa "wancan gidan naka ne" kuna zaune ku biyu a ɗaki, kai kuma ka ci gaba da karɓar kuɗin hayarsa har ka rasu, ba shi da abin riƙewa a gaban alƙali.

Saboda haka in za ka yi kyauta ka yi ta sosai. Ka kira shaidu, a rubuta, a sauya suna a takardar mallaka, ka miƙa makulli, ka cire hannunka. In yaro ne ƙarami uba yana iya riƙe masa, amma a shaida wa mutane kuma a rubuta cewa na yaron ne. Sannan ka yi adalci tsakanin 'ya'yanka. Bashir mahaifin Nu'umanu ya ba Nu'umanu kyauta ya je don Annabi (SAW) ya yi shaida, Annabi ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya ba irin wannan, ya ce a'a, sai aka ce masa ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku, ya koma ya janye kyautar. Masu mata fiye da ɗaya su kula da wannan sosai, fifita ɗaki ɗaya da kyauta gaba ce kake shuka wa yaran da za su rayu da juna shekaru bayanka. Wani abin kuma, kyautar da aka yi ana cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, kuma in magaji aka ba sai sauran sun yarda, shi ya sa jira har sai an kwanta asibiti ba dabara ba ce.

Wasiyya

Hadisin Ibnu Umar da ke Bukhari da Muslim ya ce bai kamata musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wajensa. Ƙa'idojinta manya guda biyu ne. Na farko ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da ya rage bayan an biya bashi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka, lokacin 'ya ɗaya gare shi, ya nemi ya bayar da kashi biyu bisa uku aka hana shi, ya ce rabi aka hana shi, sai a sulusi aka tsaya, kuma aka ce masa sulusin ma da yawa, ka bar magadanka a wadace ya fi ka bar su suna roƙon mutane. Na biyu babu wasiyya ga magaji, sai dai in sauran magada, baligai masu hankali, sun amince bayan rasuwar.

To wa za ka yi wa ita? A nan ne nake ganin mutane suna barin alheri mai yawa yana wucewa. Akwai mutanen da suke cikin gidanka, suna ci daga hannunka, amma ba su da ko sisi a gado. Yaron da ka riƙa tun yana jariri, agolan da ya tashi a gabanka yana kiranka baba, ɗan'uwa ko mahaifiya da ba addininku ɗaya ba, tsohon yaron gida da ya ƙarar da ƙarfinsa a hidimarka. Sai kuma wanda ya fi ba ni tausayi, jikan da mahaifinsa ya rasu kafin kai, domin in kana da wani ɗa namiji a raye to ya kange shi, baffanninsa za su raba shi kuma maraya yana kallo. Saboda wannan matsalar ce ma Masar ta yi dokar wasiyya ta dole a 1946, wadda take ba irin waɗannan jikokin kason da mahaifinsu zai samu matuƙar bai wuce sulusi ba. A inda babu irin wannan doka, alƙalaminka ne kaɗai zai cece su, layi biyu a wasiyya sun isa.

In kana son abin da zai ci gaba da gudana, wakafi yana nan. Sayyidina Umar ya sami fili a Khaibara, Annabi (SAW) ya ba shi shawara ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gado. In ka yi wakafi kana da lafiya ka fitar da shi daga hannunka ya fita daga dukiyarka gaba ɗaya, in kuwa ka ce sai bayan rasuwarka to cikin sulusi zai shiga. Ka ambaci wanda zai kula da shi da wanda zai gaje shi a kulawar.

A cikin wasiyyar ka naɗa wasiyyi, mutumin da zai tsaya a biya bashi, a zartar da wasiyya, a kula da dukiyar ƙananan yara. Ka zaɓi mai amana wanda kuma ya iya lissafi da zirga-zirgar ofis, don mutumin kirki da ba ya iya riƙe rasit zai wahala ya wahalar da marayu. Ka tambaye shi tukuna ko ya yarda, ka kuma sa na biyu ko da na farkon ya riga ka tafiya.

Takardar da kotu za ta karɓa

Dokar gado ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokacin ma daga jiha zuwa jiha, kuma gida da fili yawanci dokar inda suke ita ke hukunci a kansu. A Ingila misali dokar wasiyya ta 1837 ta ce dole ta kasance a rubuce, ka sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wajen a lokaci ɗaya, kuma in shaidan yana cikin waɗanda aka yi wa wasiyyar to ya rasa abin da aka ba shi, sannan ɗaura aure yana rushe wasiyyar da aka rubuta kafinsa. A Faransa kuwa doka ta keɓe wa 'ya'ya kason da ba ka isa ka hana su ba, rabi in ɗa ɗaya ne, biyu bisa uku in su biyu ne, uku bisa huɗu in sun kai uku ko fiye. Musulmin da yake zaune ko yake da kadara a ƙasar da kotunanta ba sa aiki da shari'ar Musulunci, in ya mutu bai bar wasiyya ba da dokar ƙasar za a raba, ba wanda zai tambayi addininsa. Irin wannan mutumin ya haɗa malami da lauya su zauna a kan takarda ɗaya. Ko a ina kake dai ka sa kwanan wata, ka sa hannu a kowane shafi, shaidu su kasance ba masu cin moriyar wasiyyar ba, ka ajiye kwafi a wuri biyu, kuma wani amintacce ya san inda take. Duk lokacin da aka yi haihuwa ko aure ko saki ko ka sayar da wata kadara ka koma ka sabunta.

Banki da waya

Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki ko na wajen aiki a matsayin makusancinka, mutane da yawa suna zaton shi ne zai cinye kuɗin, ba haka ba ne, shi wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuɗin na magada ne duka. Fansho da inshora kuma sukan nemi ka ambaci wanda za a biya, ka duba sunan wa ka sa, wani tun yana saurayi ya sa sunan abokinsa ko ƙaninsa ya manta, kuma ka bayyana a wasiyya ko wanda ka ambata amana zai karɓa ya miƙa a raba.

Sai waya. Yau za ka ga iyali sun zauna da wayar marigayi a tsakiyarsu, alat yana shigowa suna gani a saman gilashi, masu bashi suna kira, amma ba wanda ya san lambar buɗe ta, kuma rabin lissafin kasuwancinsa a cikin WhatsApp yake. Ka rubuta jerin akawun-akawun ɗinka da inda lambobin sirri suke, ka rufe a ambulan ka ajiye daban da wasiyya, don a wasu ƙasashen wasiyya in ta shiga kotu kowa yana iya karanta ta. Google da Facebook da Apple duk suna da wajen da za ka naɗa wanda zai kula da akawun ɗinka bayan rasuwa, minti kaɗan ne a saitin. Mai kuɗin kirifto a walat ɗinsa na kansa kuwa, in kalmomin sirrin nan 12 ko 24 da ake buɗe walat ɗin da su suka tafi da shi shikenan, babu kotu ko kamfanin da zai iya dawo da su.

In an yi rasuwa, ga yadda magada za su bi

Kada kowa ya taɓa komai tukuna. A rufe shago a ƙirga kaya a gaban shaidu, kada wani ya zari kuɗi da katin marigayi ko da ya san lambar. A karɓi takardar shaidar mutuwa a yi kwafi da yawa don kowane ofis sai ya nema. Daga nan sai kotu, in akwai wasiyya a tabbatar da ita a ba wasiyyi izinin zartarwa, in babu sai kotu ta ba wasu daga cikin iyali takardar izinin kula da dukiyar mamaci, da wannan takardar ce banki zai saki kuɗi kuma ofishin filaye zai sauya suna. Wanda aka ba takardar nan wakili ne, bai zama mai dukiya ba.

Jerin fitarwa kuma ba a tsallake shi. A fara mayar da kayan mutane da fanso abin da ke jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa daidai misali, sai bashi ko da zai cinye dukiyar duka, sai wasiyya cikin sulusi, abin da ya rage shi ne gado. Hidimar masu zuwa ta'aziyya da sadakar da ake so a yi wa mamaci ba a ɗaukarsu daga dukiyar da marayu ƙanana suke da haƙƙi a ciki, baligin da yake so ya yi daga aljihunsa.

Sannan a lissafa magada da kyau, duk wanda yake raye lokacin da aka yi rasuwar. Matar da aka saka saki na kome tana cikin idda tana da gado. In akwai mai juna biyu, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabon har ta haihu. Wanda ya kashe mamacin da gangan ba ya gadonsa. A sa masana su yi wa gidaje da filaye kuɗi bisa farashin ranar.

Ga misali don a ga yadda lissafin yake tafiya. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, uwa, uba, 'ya'ya maza 2, mace 1, da 'yan'uwa. Sai a kasa abin da ya rage kashi 120. Mata tana da tumuni, 15, in ma su huɗu ne wannan 15 ɗin za su raba. Uwa sudusi, 20, uba sudusi, 20. Saura 65 na 'ya'ya ne, kowane namiji 26, mace 13. 'Yan'uwansa ba su da komai saboda ɗa da uba sun kange su, duk da cewa sau da yawa su ne suke kan gaba a zaman rabon. Akwai kuma lokacin da kasonni suke fin dukiyar yawa, kamar wanda ya bar mata da 'ya'ya mata 2 da iyaye biyu, in ka haɗa sai ka sami 27 a kan 24, to sai a kasa dukiyar 27 kowa ya ɗan ragu, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Irin waɗannan wuraren ne suka sa ba a rabon gado da ƙiyasi ko da abin da aka ji a majalisa, a kai wa alƙali ko malamin da ya karanci fannin.

Kada a ja lokaci. Na san ana jin nauyin a ce an yi gaggawa, amma duk shekarar da ta wuce lissafin ƙara cakuɗewa yake, magaji ya rasu kafin a raba sai kasonsa ya koma kan nasa magadan, gidan da mutum 6 za su raba ya zama na mutum 40 da wasunsu ba su ma san juna ba, shaidu sun mutu, wani ya yi gini a fili, wani ya shekara goma yana karɓar haya. In an ga raba gida ko kamfani zai lalata shi, ba dole sai an sayar ba, a fitar da kason kowa a rubuce, sannan wanda ya so ya sayar wa ɗan'uwansa nasa, ko a ci gaba da haɗaka ana raba riba bisa kaso. Sharaɗin dai kowa ya san haƙƙinsa kafin ya ce ya yafe, musamman 'ya'ya mata da ake yawan sa su yafewa don kunya, a ba ta nata a hannu, in ta ga dama bayan nan ta bayar.

Kason yara ƙanana kuma a buɗe masa akawun daban ko a saya musu kadara da sunansu, wasiyyi ya riƙa rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita da rasit, kuɗin makaranta ne, magani ne, sutura ce. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu, aya ta 6 kuma ta ce a jarraba su, in sun balaga an ga hankali a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu ranar miƙawar. A ranar sai a ba yaron littafin lissafin tare da kuɗin, ya duba, ya sa hannu, shaidu su sa nasu.